Garmahon da Yaya Ya Zaɓa

Shekarar da yayana ya bar aiki, ya kira ni a waya wata Alhamis da hantsi, ina ofishin malamai ina duba takardun 'yan ajina. Ya ce in ina da sarari ran Asabar in taho Kebbe, akwai magana. Yaya ba mai yawan magana ba ne. Rayuwarsa duk ya yi ta ne yana aikin malamin dabbobi, yana bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allura, kuma in ya kira ni gaisuwa ce kawai da tambayar yara. Don haka na wuni na kwana ina saƙe-saƙe. Na ce ko wani ciwo aka gano masa, ko kuwa wani ya fito neman autarsa.

Na bar Tambuwal da sassafe. Da na isa, matarsa Hajiya ta tarbe ni da fura mai sanyi, amma fuskarta ba walwala. Na tambaye ta lafiya, ta nuna ɗakin Yaya da haɓa.

"Shiga ki ji da kunnenki," ta ce. "Ni na ji nawa."

Na iske shi a durƙushe yana jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Ina ganinta na gane ta. Fayafayan garmaho ne a ciki, a jere a tsaye, kowane a cikin rigarsa ta kwali, an lulluɓe su da tsohon zane.

Mahaifinmu malami ne, yana karantar da littattafai a zaurensa a Tambuwal. Shi ya fara kawo garmaho gidanmu. Daga aikin hajji ya dawo da shi, tare da fayafayan karatun Alƙur'ani na wani makaranci Bamisire, kuma don karatun kaɗai aka sayo shi. Da Yaya ya tafi Kaduna koyon aikin dabbobi, sai ya fara dawowa hutu da nasa fayafayan: na kalangu, na goge, na kotso, na sarewar Fulani, har da na mutanen kudu da ba ya jin ko kalma ɗaya a cikinsu. In Malam ya tafi Sanyinna ɗaurin aure ko ta'aziyya, Yaya ya ɗauko garmahon ya kunna ƙasa-ƙasa, ni kuma ina 'yar ƙarama in zauna bakin ƙofa ina kallon faifan yana juyawa. Malam ya sani. Bai taɓa hana shi ba. Abin da ya faɗa kawai, rana ɗaya, shi ne kada a kuskura a ɗora faifan waƙa a kan na karatu.

Bayan rasuwar Malam, Yaya ya ɗauke ni ya riƙe har ya aurar da ni, garmahon ma ya koma hannunsa. Wajen haihuwata ta biyu ya lalace, aka rasa mai gyara, daga baya ma aka rasa inda ya shiga. Fayafayan ne suka rage. Duk garin da aka tura Yaya aiki, adakar nan tana gaba, kuma ba ya yarda a ɗora ta a saman mota rana ta buge ta.

"Garmaho nika son saye," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ba na wasan yara ba. Wanda in na saye shi, na gama sayen garmaho har in koma ga Allah."

Na yi dariya, don nauyin da na taho da shi a ƙirji ya sauka. "Yaya, a wanga zamani? Ai duk waƙar da kake so tana cikin waya."

"Ba duka ba," ya ce. "Kuma waɗanda ke ciki, kamar daga cikin gwangwani suke fitowa."

Abin da yake so daga gare ni shi ne karatu. Idonsa ba ya jure ƙananan rubutun waya, Turancin masu wannan harka kuma yana da sauri. Ni ce malamar Turanci a gidanmu, don haka ni zan riƙa nemo masa bayani ina fassara masa.

Haka muka shiga wani aiki da ban taɓa zato ba. In na samu hutun ƙarshen mako na je Kebbe, mu zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, in buɗe bidiyon wani Bature yana bayani a kan garmaho, in tsayar, in fassara, Yaya ya yi tambaya. A nan na san cewa har gobe ana ƙera su sababbi, kuma akwai masu tsadar da ta kai ta mota. Na koyi cewa iri biyu ne. Akwai wanda wani siririn bel na roba ke juya farantin da ake ɗora faifai a kai, akwai kuma wanda injin da kansa ke juya farantin ba ruwansa da bel. Turawan bidiyo sun fi yabon mai bel. Suka ce ya fi shiru, sautinsa ya fi laushi.

"Tambaye su," in ji Yaya, kamar suna jin mu, "robar nan tana jure bazarar Kebbe?"

Tambayoyinsa duk irin waɗannan ne. In allurar ta cinye, ana samun wata? In wutar sola ta yi ƙasa, gudun farantin zai canza? Maɓallai nawa gare shi? Shi a wurinsa duk maɓalli ƙari wata ƙofa ce ta lalacewa. Ba ya son mai ɗaga hannunsa da kansa in faifai ya ƙare, ya ce shi yana da hannu. Yana son mai nauyi, mai murfi, wanda in ya yi ciwo mai gyaran rediyo zai iya buɗe shi ya gane abin da ke ciki. Mutum ne da ya yi shekaru yana ganin yadda kayan aiki masu kyau ke mutuwa a ƙauye don rashin wani ɗan ƙarfe da ba a samu sai a Legas.

Hajiya ba ta zama da mu. Tana wucewa da tsintsiya ko da ƙwarya, ta ji muna maganar allura da faranti, ta girgiza kai. Ban ga laifinta ba. Rufin ɗakin girkinta yana yoyo, ga aurar da auta a gaba, ga shi abin da aka sallami Yaya da shi ba zai sake zuwa ba. Maƙwabta ma sun ji labari. Wani ya ba shi shawarar ya sayi babura ya ba yara su yi kabu-kabu, wani ya ce ya ƙara shanu. Yaya ya gode musu duka. Ya gyara rufin, ya ware na auren auta ya damƙa wa Hajiya, ya ce abin da ya rage nasa ne, kuma tunda yake bai taɓa saya wa kansa abin da ba dole ba.

Wata rana ina taya Hajiya tsince shinkafa, Yaya ya tafi masallaci, sai ta ajiye faifan tankaɗen ta dube ni.

"Ke ba ki lura da yadda shika juya kai in kina magana ba?"

Na lura, amma na ɗauka ɗabi'a ce. Ta ce kunnensa na hagu ya daɗe da tafiya, tun wata shekara da saniya ta buge shi a gefen kai. Na daman ne ya rage, kuma da suka je asibiti a Sakkwato likita ya ce shi ma yana raguwa a hankali, ba kuma abin da za a yi ya dawo.

"Ba kuɗin ne ke damuna ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Ina tsoron a kawo abin nan ya zauna gabanai, ya kunna, ya ji ba ya ji. Mi zan ce mishi rannan?"

Ta roƙe ni kada in nuna masa na sani.

Daga ranar na rasa haƙuri da tambayoyinsa. Shi yana maganar abin da zai yi shekaru, ni ina ganin watanni suna wucewa. Da na je Sakkwato wani taron malamai, na ga wani ƙaramin garmaho a shagon kayan wuta, mai kamar akwatin tafiya, ja, da lasifika a jikinsa, har da rediyo. Na saye shi nan take na kai masa.

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka. Ya juya shi, ya ɗaga hannun allurar da ɗan yatsa yana auna nauyinsa. Sai ya zaɓo wani faifai da ya riga ya tsage a gefe, ya ɗora. Waƙar ta fito, siririya, tana rawa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma kafin a kai rabi ya ɗage allurar.

"Ƙanwata, wanga huɗa shika yi a jikin faifai," ya ce. "In na bi da su duka ta nan, baɗi ba sauran abin ji."

Na ji zafi, na ce masa ai gara a ji su yanzu da a ajiye su har abada. Ya dube ni. Ya rufe akwatin ya miƙa wa Hajiya ya ce ta samu rediyon ɗakin girki. Amma kafin in tafi ya ce in nemo mana inda za mu je mu gani da ido, karatu ya isa haka.

Ta hanyar wata abokiyar aikina na samu labarin wani dattijo a Kano mai sayar da kayan sauti, tsofaffi da sababbi. Muka tafi farkon damina, ni da Yaya, da fayafayai biyu a cikin jaka da ya rungume tun daga Tambuwal har muka sauka.

Shagon ɗan ƙarami ne, a bayan wani layin masu sayar da firji. Dattijon ya kai sa'an Yaya ko ya ɗan girme shi. Da ya ga abin da Yaya ya fito da shi daga jaka, sai ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya kama faifan ta gefe-gefe. Daga nan suka zama kamar sun san juna tun ƙuruciya. Suka daɗe suna hirar shagunan fayafayai na Kaduna da duk sun rufe, ni ina zaune a kan benci ina jira.

Garmaho biyu ya fito mana da su. Na farko sabo ne fil, jikinsa katako mai sheƙi kamar an shafa masa zuma, siririn hannu, bel ɗinsa a waje ana ganinsa. Na biyu na hannu ne, ruwan toka, ƙarfe, ba ado, sai da dattijon ya yi nishi kafin ya ɗora shi a tebur. Ya ce wannan irin da gidajen rediyo ke amfani da shi ne a da, ana kunna shi safe da yamma shekara da shekaru.

Aka ɗora faifan goge a kan na katakon. Ban san haka faifan nan yake ba. Na ji shi ina yarinya, amma yanzu har numfashin mawaƙin nake ji kafin ya ɗauki baiti, da ƙarar ƙwarya can baya, da wata mata da ta yi guɗa daga nesa. Aka mayar da shi kan na ƙarfen. Yaya ya matso da kujera, ya juya kunnen dama wajen lasifika, ya rufe ido. Ya ce a sake na farko. Aka sake. Ya ce a koma na biyu.

Sai ya jingina da bango ya yi ajiyar zuciya.

"Ni dai duk ɗaya nika jin su," ya ce. Ya dube ni. "Na san Hajiya ta gaya miki. Tun ranar da kika kawo jan akwatin nan na gane. To, ara mini kunnenki. Wane ya fi?"

Dattijon ya sunkuyar da kai yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Na san wanda zuciyarsa take kai, kuma da na so sai in ce shi ya fi. Amma Yaya bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko lokacin da Malam ke jinyar ajali.

"Na katakon ya ɗan fi daɗi," na ce. "Kaɗan. Gogen ya fi taushi a cikinsa."

Ya gyaɗa kai, kamar abin da yake tsammani ke nan. Ya tashi ya je gaban na katakon ya tsaya yana kallonsa. Ya shafa gefensa. Ya tambayi dattijon bel ɗin yana kai wane lokaci, dattijon ya ce a wuri mai sanyi yana daɗewa, a irin zafinmu kuwa ba zai yi alkawari ba, kuma sai an aiko da shi daga waje. Yaya ya koma wurin na ƙarfen. Ya sa aka kunna shi, ya ƙwanƙwasa teburin da ƙarfi, allurar ba ta yi tsalle ba. Ya taɓa gefen farantin da yatsa ya rage masa gudu, ya saki, nan take ya koma daidai.

"Wanga za mu ɗauka," ya ce. "Daɗin da ya fi shi da shi, ba ni zan ji shi ba. Wanga kuwa ko bayana zai yi wa wani aiki."

Dattijon ya haɗa masa da na'urar ƙara sauti da lasifika biyu da suka dace da shi, da allurai na ajiya, da ɗan buroshin share faifai. Ya koya masa yadda ake daidaita nauyin hannun don kada ya ci faifai, ya sa shi ya yi da kansa har ya iya. Sannan ya cire farantin ya naɗe shi daban, ya ɗaure hannun da zare, ya ce ko a hanya aka yi karo kada a bari ya kwanta a gefe.

Daga Kano zuwa Tambuwal ba mu sha wahala ba. Wahalar tana tsakanin Tambuwal da Kebbe. An yi ruwa kwana biyu a jere, motar da muka shiga ta kai wani rafi da ya cika ya haye hanya, direba ya ce nan ya tsaya. Sai babura a ɗaya gefen. Masu kabu-kabu suka tsallako suka ɗauki lasifikan a ka. Garmahon kuwa Yaya ya hana kowa taɓawa. Ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗora shi a ka a cikin bargonsa, ya shiga ruwan yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ina bayansa riƙe da farantin a ƙirji, takalmana a hannu ɗaya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A kan babur ya ɗora shi a cinya, ya ce wa mai babur ɗin in ya wuce gudun jaki zai sauka ya taka da ƙafa.

Muka shiga gida jiƙe da taɓo. A ɗakin Yaya muka iske an share, an kawar da buhunan da ke lungu, ga wani sabon tebur gajere mai kaurin ƙafafu an ajiye a jikin bango, ƙamshin katako bai ma bar shi ba. Yaya ya tsaya yana kallonsa.

"Kafinta na sa," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Na ji kuna cewa ba a son mai girgiza. In bai yi ba a maida."

Yaya ya dafa teburin da hannu biyu ya jijjiga, ko motsi. Sai ya juya yana kwance bargo, ya daɗe yana kwancewa.

Washegari da hantsi, da rana ta hau kan sola, aka haɗa. Faifan karatun Malam ya fara ɗorawa. Muryar Bamisiren nan ta cika ɗakin, ta fita tsakar gida, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya wane malami ne ya sauka. Ni ban iya tsayawa a ɗakin ba. Ina jin karatun sai na ga zaurenmu na Tambuwal, da buzun Malam, da yadda yake ɗaga yatsa in makarancin ya ja madda. Na fita na zauna kusa da Hajiya a kan tabarma. Daga inda muke muna hango Yaya ta ƙofa, kunnen dama a wajen lasifika, leɓensa yana bin ayoyin.

"Shina ji," ta ce a hankali. "Wallahi shina ji."

Ranar kasuwa wani Ardo abokinsa, wanda Yaya ya yi shekaru yana duba masa shanu a wajen Fakku, ya biyo da ƙwaryar nono. Yaya ya zaunar da shi ya ɗora masa faifan sarewa. Ardo ya jingine sandarsa, ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Ya ce irin wannan busar ake yi in za a tashi da shanu zuwa kudu lokacin yana yaro, kuma tun da kawunsa ya rasu bai sake jin wanda ya iya ta haka ba. Ya ce a maimaita. Tun daga nan, in dai suna kusa ba su yi ƙaura ba, ba ya wuce ranar kasuwa bai shigo ba.

Yanzu an kwana biyu da wannan. Garmahon bai taɓa ko tari ba. Kunnen Yaya ne ya ƙara ja baya, kamar yadda likita ya faɗa. In ana hira sai an ɗaga murya, waya kuwa ya daina ɗauka, Hajiya ke amsawa ta faɗa masa. Amma ganga da kalangu yana jin su sarai, muryoyin maza ma haka. Gogen ne ya ce ya fara yi masa nisa. Ya matso da kujerarsa dab da lasifika, kuma kullum bayan ya karya kumallo sai ya ji fuska ɗaya ta faifai kafin ya fita.

Zuwana na ƙarshe ban same shi a gida ba, ya tafi jana'iza. Tun daga zaure na ji kiɗan ƙwarya da muryoyin mata suna amshi. Na shiga na iske Hajiya ita kaɗai a ɗakin, zaune a kujerar Yaya, buroshin share faifai a cinyarta. Ta yi saurin miƙewa, sai kuma ta yi dariya ta koma ta zauna. Ta ce a ƙasan adaka ta tsinci faifan, irin waƙoƙin da ake yi a bikin 'yan uwanta ne a Sanyinna tana budurwa, ba ta ma san yana da shi ba. Ta nuna mini tabarma a gefenta ta ce in ajiye jakata in zauna, wadda ke biye da wannan ta fi daɗi.